Filin Tambaya da Amsa: Fita Wasa da Fiyano Mai Sitayil

Yawancin wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon daga Sakkwato da kewayenta suke, kuma kusan duka a kan abu ɗaya: fiyanon nan mai sitayil, wato shiryayyen kiɗan rakiya, wanda 'yan kasuwa ke kira aranja, da mutum zai taɓa da hannun hagu sai ganga da bes da jita su tashi tare kamar an tara makaɗa biyar. Don kada mu rikita juna, farare da baƙaƙen da ake kiɗa da su za mu kira su maɓallai, na sama kusa da allo kuwa madannai. Duk sunan da muka rubuta da manyan baƙaƙe, haka za ka gan shi a jikin na'urar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyu ne, ni da mawaƙi, muna zuwa kamu da suna da ƙananan bukukuwa. Kuɗin da munka tara za su sayi Yamaha PSR-E473 sabo dal, ko PSR-S670 na hannu. Wane za mu ɗauka? Daga wani makaɗi, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na hannun lafiyayye ne, ɗauki S670. Ba zaƙin sauti ne ya raba su ba, yawan juyin da za ka iya yi ne ba tare da ka tsayar da kiɗa ba. A E473 kowane sitayil fuska biyu gare shi, MAIN A da B. A S670 huɗu ne, A zuwa D, ga shimfiɗa uku (INTRO), ga rufewa uku (ENDING), ga BREAK, wato 'yar gajeriyar yankewar kiɗa. Waƙar biki kan yi tsawo in liƙi ya yi daɗi, kuma fuska biyu ba sa ɗaukar minti goma sha biyar. Kafin a kai rabi mata sun koma kujerunsu. Sannan S670 na barinka ka ƙera sitayil naka a cikinsa, kuma yana da wurin zuba sababbin sautuka na megabayit 32. Inda E473 ya fi shi, yana da ramin makirfo. Wannan bai kai a fasa ciniki ba, tunda ko ta yaya sai kun nemi ƙaramar miksa.

In kuɗi sun ƙaru nan gaba, PSR-SX600 da ya fito a 2020 yana da ramin makirfo da wuri na megabayit 100, S970 kuwa 512. Korg Pa600 da Pa700 su ma ba baya ba, sai dai sitayil ɗin Yamaha ba ya hawa Korg kai tsaye. Duba abin da makaɗan garinku suka fi riƙewa ka bi sahu. Da su za ka riƙa musayar sitayil, kuma wurinsu za ka ari adafta ranar da taka ta ƙone.

Kafin ka miƙa kuɗi, bi maɓallai 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa a hankali sannan ka buga da ƙarfi, ka ji ko ƙarar na bin nauyin hannunka. Danna kowane madanni, musamman START/STOP da MAIN da na REGISTRATION, don su suka fi shan wahala, su ke fara mutuwa. Sa filashi ka ajiye wani abu ka sake buɗe shi. Sa waya a ramukan fita guda biyu ka ɗan girgiza ta. In ka ji kamar ana murza leda, dalmar ciki ta saki. A bar shi yana kiɗa na rabin awa, saboda akwai cutar da ba ta fitowa sai na'ura ta ɗauki zafi. Adaftarsa ta asali PA-300C ce, mai bolt 16. In mai shi ya haɗa maka da wata ta kwamfuta da aka sauya wa baki, a cire kuɗin ta asali daga farashi.

TAMBAYA: Sitayil ɗin da ke cikin fiyanona duk kiɗan waje ne. In na sa su ƙarƙashin waƙar Hausa sai in ji kamar an sa wa ɗan dambe kwat. Yaya zan samu kiɗan kalangu ko kotso a ciki? Daga Gwadabawa.

AMSA: Kwatancenka ya yi, Malam. Matsala biyu ka haɗa wuri ɗaya, ta ganga da ta kod, wato sautukan da hannun hagu ke dannawa tare, kuma ta kod ɗin ce ta fi ɓata waƙa ko da yake ba a cika lura da ita ba.

Kowane sitayil na Yamaha layi takwas ne: RHY1 da RHY2 na ganguna, BASS, CHD1 da CHD2, PAD, sai PHR1 da PHR2. Danna CHANNEL ON/OFF za ka gan su a jere. Kashe PAD da PHR guda biyun, galibi har da CHD2. Waƙarmu mafi yawa a kan sautuka biyar take tafiya, muryar mawaƙi kuma tana hawa da sauka da karin harshe. Sitayil ɗin waje a kan bakwai aka gina shi, yana ta cusa biyun nan da waƙar ba ta san da su ba, shi ne karon da kunnenka ke ji. Ganga da bes da jita ɗaya sun ishe ka.

Sai ka shiga CHORD FINGERING ka zaɓi FINGERED. A nan in ka danna sauti na ɗaya da na biyar kawai, misali C da G, injin zai ba ka kod marar tsakiya, wanda bai karkata ga meja ko maina, manyan nau'o'in kod biyu, ba, sai ya bar wa mawaƙi fili. In ka bar shi a SINGLE FINGER, C da G ɗin nan G7 zai karanta, ka ga an koma gidan jiya. Akwai kuma wata dabara da mutane da yawa suka shekara da fiyano ba su sani ba: a FINGERED, in ka danne maɓallai uku da ke manne da juna har da baƙi, kamar C da C# da D, duk kayan kod za su yi shiru a bar ganga ita kaɗai. Ta fi amfani lokacin da 'yan amshi suka karɓi gindin waƙa, ko sanƙira ya shiga kirari.

Ganga kuwa, konga da bongon da ke ciki ba za su taɓa zama kalangu ba. Sai an ɗauko sautin na gaske. Samu mai kalangu ku shiga ɗaki marar amsa-kuwwa, a ɗauki kowane bugu daban: tsarkiya a sake, a matse rabi, a matse sosai, bugun gula mai ƙarfi da mai taushi. A ajiye su a tsarin WAV, a yanke shirun da ke farkon kowane, in ba haka ba gangar za ta riƙa makara. A kwamfuta, manhajar Yamaha Expansion Manager ce ke jera su a kan maɓallai ta haɗa su kunshi ɗaya. Za ta nemi fayil ɗin bayanin fiyanonka, wanda za ka fitar daga jikinsa zuwa filashi. Ka kiyaye abu biyu: sabon kunshi yana share duk wanda ke ciki, don haka haɗa tsofaffin da kake so da sabon kafin ka zuba, kuma kada ka yi zubin a kan wutar da ba ka amince da ita ba. Mai kalangun ma a biya shi da kyau, hannunsa za ka yi shekaru kana ci da shi.

In sauti ya samu sai STYLE CREATOR. Buɗe sitayil mai sauƙi, zaɓi MAIN A, ka ba shi tsawon gaɓa biyu ko huɗu (gaɓa ita ce zagaye ɗaya na ƙidayar bugu). Zai riƙa zagayowa kana ƙara bugu a kan bugu. Da yawa daga kiɗe-kiɗen rawarmu uku-uku suke tafiya, wato 6/8, saboda haka in za ka daidaita bugu da QUANTIZE zaɓi ma'aunin uku-uku. In ka zaɓi na huɗu-huɗu zai miƙe ɗingishin nan da ke sa kafaɗa motsi. Kalangun kansa ma kada ka daidaita shi sarai. Sa shi a RHY1, domin layukan ganga ba sa bin kod. In ka sa shi a PHR, duk sanda hannun hagunka ya sauya kod sai kalangu ya yi tsalle ya bi. Bes kuma a kan C ake ɗaukarsa, da C, D, E, G, A, injin zai juya shi zuwa duk kod ɗin da ka danna. MAIN A ya zama marar nauyi, MAIN D ya zama na liƙi. Ajiye kafin ka fita, in ba haka ba aikin yini ya tafi.

Gaskiyar da ba a so: kalangun sitayil na riƙe rawa, amma ba ya magana. In kana son ya kira sunan wani, sa muryar kalangun a hannun dama, ka ƙara PITCH BEND RANGE daga 2 zuwa 4 ko 5, wilin nan na gefen hagu mai lanƙwasa sauti ya zame maka hammata. In biki ya kai biki, ɗauki mai kalangu na gaske ka kashe RHY1. Kotso da taushi kuwa da yatsu ake kaɗa su, kuma bakin mawaƙi suke bi kalma da kalma. Mu dai ba mu ga yadda inji zai yi wannan ba, a bar wa masu shi.

TAMBAYA: Mawaƙina ba ya tsayawa kan lissafi. In anka fara liƙi sai ya ja ɗan waƙa, ko ya tsaya kirari ya dawo tsakiyar gaɓa, kiɗa ya yi gabas shi ya yi yamma. Kuma kafin in nemo waƙa ta gaba fili ya yi sanyi. Mi zan yi? Daga Runjin Sambo.

AMSA: Mawaƙin bai yi laifi ba, ɗan'uwa. A kiɗanmu mawaƙi ke gaba, ganga na biye. Injin nan kuwa kurma ne, ƙidayarsa kawai ya sani. Kai ne kunnensa, kuma ba za ka iya saurare ba muddin idonka na kan allo kana lalube. Duk wani neme-neme a gida ake gama shi.

Aikin REGISTRATION MEMORY ke nan. Madannai takwas ne a kowane banki. Ba kowace waƙa bankinta, kuma ka yi musu tsari iri ɗaya: 1 shimfiɗa, 2 gindi, 3 ɗan waƙa, 4 ganga zalla don kirari, 5 liƙi, 8 rufewa. In kowace waƙa haka take, yatsanka zai haddace ko a duhu. Shirya sitayil da murya da gudun kiɗa, danna MEMORY, tabbatar an yi alama a STYLE da VOICE da TEMPO da TRANSPOSE, sannan ka danna lambar. In ka cika, ajiye bankin da suna. Buɗe wani banki kafin ka ajiye, ka yi asarar wanda ka shirya. Fara sunayen da lamba, 01, 02, 03, su jeru yadda za ku rera su. Masu Korg, SONGBOOK ke yi muku wannan aikin.

Wurin da aka fi faɗawa rami: bankin ba ya ɗauke da sitayil ɗin a cikinsa, adireshinsa kawai yake riƙewa. Ka sauya wa fayil suna ko ka matsar da shi wata jaka a filashi, ranar biki ka danna lamba ka ji wani kiɗa daban. In ka gama jera filashi, kwafe shi yadda yake a wani na biyu ka sa a aljihu. Kashe OTS LINK kuma, in ba haka ba duk sanda ka koma daga MAIN A zuwa B zai sauya maka muryar hannun dama ba da izininka ba.

A fili, in mawaƙi ya tsaya kirari, danna SYNC START kiɗa na tafiya. Zai tsaya cak ya jira ka. Da mawaƙi ya faɗo kan gindi ka taɓa kod, kiɗa ya tashi daga bugun farko tare da shi. A samfurin SX, madannin TAP TEMPO kansa na mayar da sitayil farkon gaɓa ba tare da ya tsaya ba, sai ka buga shi daidai inda mawaƙi ya shigo. A samfurin S kuwa, buga shi sau biyu kiɗa na tafiya gudun yake sauyawa, wanda ke amfani in rawa ta yi zafi mawaƙi ya ƙara sauri. Guji INTRO da ENDING na biyu da na uku. Dogaye ne, suna da nasu jerin kod, kuma ba sa jiran kowa. Na ɗaya ya isa.

In dare ya yi murya ta gaji, sauke TRANSPOSE, mai ɗaga sautin kiɗan gaba ɗaya ko sauke shi, ɗaya ko biyu. Amma kunna FREEZE ka yi wa TRANSPOSE alama, in ba haka ba lamba ta gaba da ka danna za ta mayar da shi sama mawaƙi ya shaƙe. Sayi fedal irin FC5 ka ba shi aikin FILL, wato ɗan juyin ganga tsakanin fuskokin sitayil, ko BREAK, ƙafa ta rage wa hannu aiki. Ku kuma yi yarjejeniyar alama tun daga gida: dunƙulen hannu tsaya, yatsa sama ƙara wuta.

TAMBAYA: Sau biyu fiyanona na mutuwa ya sake tashi ana tsakar rawa, a kan janareta. Sitabilaiza za ta magance? Daga Bodinga.

AMSA: Da wuya. Adaftar asali tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ke nan raguwar wuta ba ta cika damunta ba. Abin da ke kashe fiyano yankewa ce ta ƙiftawar ido, sitabilaiza kuwa ba ta ajiye wuta. Fara da mai sauƙi: bakin adafta da ya yi sako-sako, ko soket ɗin da ƙafar mai rawa ke taɓawa. Naɗe wayar sau biyu a ƙafar teburin fiyano, in an ja ta teburin ya sha.

In ba nan ba ne, janaretan ne ya yi kaɗan. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai wat 650 zuwa 800 yake bayarwa. Fiyano bai wuce wat 15 zuwa 25 ba, amma amfilifaya na fizgar wuta a kowane bugun bes, in kuma an jona firiza ko fitilun rumfa a layi ɗaya, da sun tashi inji ya durƙusa. Raba fiyano da miksa daga wannan rigimar. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 da ƙaramar inbata sun isa: rabin cajinsa wat 600 ne na awa ɗaya, fiyano da miksa kuwa ba su wuce wat 45 ba, ka ga kusan awa goma ke nan ko an cire abin da inbata ke ci. UPS na kwamfuta ma na yi, sai dai wasu ba sa yarda da wutar ƙaramin janareta, su yi ta ƙyas-ƙyas har batirinsu ya ƙare.

Tayar da inji, bar shi ya daidaita na minti biyu ko uku kafin ka jona komai. Kunna fiyano, sai miksa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Kada a bari mai ya ƙare kaya na jone, domin hawa da saukar da inji ke yi yana shaƙewa ita ke ƙona adafta.

TAMBAYA: Fiyanona yana kashe kansa in anka daɗe ana jawabi ko anka tashi salla. Lalacewa ce? Daga Tambuwal.

AMSA: Lafiyarsa lau. AUTO POWER OFF ne, an saita shi daga kamfani ya kashe bayan minti 30 ba a taɓa shi ba. Kashe shi a UTILITY, ko ka danne maɓallin ƙarshe na hagu yayin da kake kunna fiyanon.

TAMBAYA: Ni ke jagorantar ƙungiyar mata masu waƙar biki, muna hayar makaɗi da sifiku. Kullum kiɗa na danne muryoyinmu, ga wani gurnani a sifika, ga kukan makirfo. Laifin wa? Daga Arkilla.

AMSA: Hajiya, ba mutum ɗaya ke da shi ba, amma duka suna gyaruwa a minti goma in kun iso da wuri. Gurnani galibi daga waya yake. Wayar jak da ke fita daga fiyano ba ta son ta wuce mita biyar ko shida, kuma ba ta son kwanciya jere da wayar wuta. In miksa na nesa, a sa akwatin DI kusa da fiyano a ci gaba da wayar makirfo mai fil uku. In gurnanin bai tafi ba a danna GROUND LIFT da ke jikinsa. A cire cajar wayar hannu da aka jona a miksa, ita ma tana kawo shi. In waya ɗaya za a ja, daga ramin L/L+R za a ɗauka, zuwa LINE na miksa, ba daga ramin abin kunne ba.

Wajen gwaji ku fara da murya, ba da kiɗa ba. A daidaita makirfonku har a ji ku sarai a bayan rumfa, sannan a ɗago kiɗa a hankali ya tsaya ƙarƙashinku. Makaɗin ya sauke ƙarar sitayil a cikin fiyano zuwa wajen 80 daga cikin 127, ya rage amsa-kuwwa. Sautin da ya yi daɗi a ɗaki, a rumfa laka yake zama. A danna LOW CUT a layin kowane makirfo. In jar fitilar CLIP na ƙyaftawa a rage GAIN, ba a ƙara wa amfilifaya ba.

Kukan makirfo kuwa, sifiku su kasance gabanku suna kallon jama'a, a ɗaga su sama da kawunan mutane. Kada mai waƙa ta dunƙule kan makirfo da tafinta, kuma ta kusantar da shi baki kamar yatsa biyu. In masu haya sun kawo lasifikar ƙaho irin ta masallaci, murya kaɗai za a tura mata. Ba ta fitar da bes, in an matsa mata ƙonewa take yi.

TAMBAYA: Maɓalli biyu a fiyanona sun lalace. Ɗaya ko a hankali na taɓa sai ya yi tsawa, ɗayan ya yi shiru ɗungum. A kabu-kabu nake ɗaukarsa zuwa ƙauyuka. Daga Illela.

AMSA: Ƙurar hunturu ce, Malam. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai baƙaƙen ɗigo biyu. Ɗaya na taɓa allon ciki kafin ɗayan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce injin ke aunawa ya san ƙarfin bugunka. In ƙura ta rufe na farko, sai ya ɗauka da iyakar ƙarfi ka buga. In na biyu ta rufe, shiru.

Cire wuta, kife fiyanon a kan katifa, kwance sukurori kana jera su yadda ka cire su. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere na iya huda allo. Buɗe a hankali saboda siraran wayoyin da ke haɗa sama da ƙasa. Ɗaga robar wurin, ka lura da inda ta fuskanta, don in ta koma a juye duk jerin zai rikice. Goge ɗigon da allon da audugar kunne da sifirit irin na masu gyaran wayar hannu, shafa ɗaya ko biyu, ban da kankara. Kada fetur ko man feshin tsatsa ya kusanci wurin. In robar ta yage, sauya ta ake yi. In ba ka taɓa buɗe na'ura ba, kai wa mai gyara ka tsaya a kansa.

Daga yau, jaka mai soso, kuma a sa fiyanon cikin babbar leda kafin ya shiga jakar in za a hau babur. A riƙe shi a cinya, kada a ɗaure shi da roba ta kan maɓallai. Bayan kowane wasa share tsakanin maɓallai da busasshen burushin fenti, ka rufe shi da zane. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kada a bar shi a but ɗin mota ko inda rana ke dukan allon; in wasan na yamma ne, kafa teburinka ta inda inuwar rumfa za ta faɗo, ba inda take lokacin da ka iso ba.